Karatun Yara a Gida ko a Makaranta: Shawarar da ke Gaban Uba da Uwa



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau da yamma wata shawara ce wadda a da ba mu san ta ba, amma yanzu ta fara shiga zaurukanmu. Watau mutum ya cire 'ya'yansa daga makaranta, ko kuwa ya ƙi sa su tun farko, ya ce shi da iyalinsa za su karantar da su a gida, tun daga koyon baƙaƙe har su isa zaman jarrabawar fita sakandare. Ba maganar mai hana ɗansa karatu nake yi ba, wannan cuta ce dabam, maganinta ma dabam. Wanda nake nufi mutum ne mai son karatun ƙwarai, sau da yawa shi kansa ya yi ilmi mai zurfi, amma ya dubi makarantar unguwarsu ya ji ransa bai kwanta da ita ba.

An sha zuwa mini da wannan tambaya, kuma masu zuwan ba su rasa hujja ba. Wani ya ce ya leƙa ajin ɗansa ya tarar da yara a zaune a ƙasa, sun cika ɗaki har bakin ƙofa, malami guda yana ta fama da murya. Wani ya ce ya gudu zuwa makarantar kuɗi, ga shi kuɗin zango ya fi ƙarfin albashinsa. Wani kuwa tarbiyya ce ta dame shi, don yaron ya fara dawowa gida da kalmomin da ba a gidan ya ji su ba. Amma babbar hujjar da ta fi kowacce nauyi a zamaninmu ita ce tsoro. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok. Aka yi na Dapchi a 2018, aka yi na Ƙanƙara a Disamba 2020 inda aka kwashi yara maza fiye da 300, aka yi na Jangebe a Fabrairu 2021, aka yi na Kuriga a Maris 2024. Uban da ya ji waɗannan labarai ya ce ba zai bar 'yarsa ta kwana a makarantar kwana ba, ni ba ni da bakin da zan zarge shi. Sa'an nan ga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu tun watan Maris, yara suka yi watanni a gida. A lokacin ne iyaye da yawa suka fara riƙe alli, waɗansu kuma suka ga ashe aikin bai fi ƙarfinsu ba.

To, kafin mu shiga awon shawarar, bari mu kau da wani ruɗu. Akwai masu cewa wannan al'adar Turawa ce da aka shigo mana da ita. Akwai kuma masu kāre ta da cewa ai al'adar kakanninmu ce, komawa kawai za mu yi. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya.

Lalle gida ya daɗe yana zaman makaranta a ƙasar Hausa. Tun kafin Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, ɗan maƙeri a maƙera yake koyon zuga da tsiko, ɗan marini a bakin karofi, ɗan malam kuwa a zauren ubansa yake wanke allo. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi musamman, Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, kuma wanda ya duba zai ga ya fara da mahaifinsa, ya wuce hannun yayansa Shehu Usmanu, da yawa daga cikin sauran ma dangi ne. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ba ta taɓa zama a aji irin namu ba, amma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji ta ba ta malfa, ita kuma jajin ta kai karatu ga matan ƙauyuka a cikin gidajensu. Duk wannan gaskiya ne, abin alfahari ne kuma.

Amma fa jama'a, mu dubi wane irin gida ne wancan. Gidan Shehu a Ɗegel ba gidan ma'aikaci ba ne mai ɗaki uku da falo a kwatas ɗin gwamnati, inda miji zai fita da bakwai da rabi ya dawo da la'asar, a bar mace ɗaya da yara biyar da tukunya a kan wuta. Wancan gida cike yake da malamai maza da mata, baffanni da kawunnai da gwaggwanni, kowa da fannin da ya ƙware a kai. Ɗalibai na zuwa daga nesa su zauna shekaru, yaron gida yana gogayya da su, yana jin yadda ake musu a kan mas'ala. Idan kuma ya ƙure abin da ke gidan, sai a sa masa albarka ya tafi wurin wani malami a wani gari. Ashe ke nan abin da muke kira karatun gida a wancan zamani makaranta ce cikakkiya, sai dai a cikin gida aka kafa ta. Wanda zai kafa hujja da Nana Asma'u, sai ya fara ƙirga malamai nawa ke cikin nasa gidan.

Shi kuwa sabon salon, wanda iyaye ke cire yara daga makarantar hukuma da gangan, a Amurka ya yi ƙarfi. Wani malamin makaranta mai suna John Holt, bayan ya yi shekaru yana rubuce-rubuce a kan yadda aji ke kashe wa yara sha'awar koyo, ya yanke ƙauna daga gyaran makaranta, ya kafa mujalla a 1977 don iyayen da ke karantar da 'ya'yansu da kansu. Daga baya Kiristoci masu riƙon addini suka shigo harkar da yawa, saboda dalilansu na tarbiyya. An yi ta shari'a da majalisu, har ya zamana a 1993 abin ya halatta a dukan jihohin ƙasar 50. A 2016 yaran da ke karatu ta wannan hanya sun kai wajen kashi 3 cikin 100 na 'yan makarantar Amurka. A Ingila ma doka tun ta 1944 ta wajabta wa iyaye su ga ɗansu ya sami ilmi, amma ba ta ce dole sai a makaranta ba. Afirka ta Kudu ta yarda da abin a dokarta ta 1996, bisa sharaɗin a yi wa yaron rajista da hukumar ilmi.

Kada kuma a ɗauka Turawa duk bakinsu ɗaya. A Jamus haramun ne, dole yaro ya je makaranta da ƙafarsa. Waɗansu iyaye sun kai ƙara har Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam, a 2006 kotun ta ƙi goyon bayansu, ta karɓi hujjar Jamus cewa aikin makaranta bai tsaya ga karatu da rubutu ba, har da koya wa yaro zama da waɗanda ba irin tunaninsa gare su ba. Faransa, wadda a da sanar da hukuma kawai ake yi, ta yi doka a 2021 ta ce daga 2022 sai an nemi izini an kuma kawo dalili.

Mu a Nijeriya fa? Nan ne nake roƙon ma'aikata su kasa kunne, don ku ne masu aiwatar da doka. An ƙaddamar da shirin ilmin firamare ga kowa a watan Satumba 1976, aka sāke ƙaddamar da wani a Sakkwato a 1999, sa'an nan a 2004 aka yi dokar ilmin bai ɗaya wadda ta ce shekara 9 na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Dokar ta ɗora wa uba ko mai riƙon yaro nauyin ya ga yaron yana zuwa makaranta har ya kammala. Wanda ya saɓa, a karo na farko a tsawata masa, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka tarar Naira 5,000 ko wata biyu. Na san za ku yi dariya da jin kuɗin tarar. Na kuma san ba kasafai ake gurfanar da kowa ba. Amma mai niyyar karantar da 'ya'yansa a gida ya sani dokar zuwa makaranta ta ambata, ba ta tanadar masa wani gurbi irin na Ingila ko Afirka ta Kudu ba. Saboda haka babu jami'in da zai zo ya duba ko yaron yana ci gaba, babu kuma takardar da za ta shaida shekarun da ya yi. Shi kaɗai ne malami, shi ne sufeto, shi ne kuma mai ba kansa maki.

Yanzu ga tambayar da na ga mazaje sun fi kauce mata: wa zai yi karantarwar? Wani abokina, ma'aikaci ne babba, ya zo ofishina ya shimfiɗa mini tsarinsa kaf, da littattafan da zai saya da allon da zai kafa a falo. Na bar shi ya gama, na ce, “Alhaji, da ƙarfe tara na safiyar Litinin kana ina?” Ya ce yana ofis mana. Na ce, “To, Hajiya ta san da wannan shiri?” Sai ya yi shiru, can ya ce ai zai gaya mata. Wannan shi ne cikin maganar. A kusan kowace ƙasa da ake wannan abu, uwa ce ke ɗaukar nauyinsa. Idan tana aiki sai ta bari, gida ya koma kan albashi ɗaya. Idan ba ta aiki a waje, to ga aikin gida da goyo, an ƙara mata aikin malamai shida ba tare da hutu ko fansho ba. Shawarar da mace za ta ɗauki kashi tara cikin goma na wahalarta, bai kamata namiji ya yanke ta shi kaɗai a zaure ba.

Ni ma na ɗanɗana a watannin korona. Ina koyar da manyan ɗalibai shekara da shekaru, na ɗauka koya wa 'yata 'yar shekara bakwai ragi mai aro abu ne na rabin sa'a. A kwana na uku na ji muryata ta tashi, na ga hawaye a idonta, na tuna malamarta ta firamare wadda ke yin wannan da yara masu yawa kowace safiya ba tare da ta fasa murya ba. Sanin abu dabam, iya koyar da shi ga ƙaramin yaro dabam. Ban da haka, ɗa yana yi wa ubansa shagwaɓar da ba zai yi wa malami ba, uba kuma yana fusata da kuskuren ɗansa fiye da na ɗan wani, don yana ganin kamar gazawarsa ce.

Amma in faɗi gaskiya, na kuma ga amfanin abin da idona, kuma ba ƙarami ba ne. Sa'a biyu da babba zai zauna da yaro ɗaya ko biyu ta kan fi wuni guda a aji mai cunkoso, domin nan take za ka ga inda ya tsaya, ba za a wuce shi ba don manhaja ta ce a wuce. Har ila yau akwai maganar harshe. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, amma makarantun kuɗi da yawa suka mai da Turanci tallarsu, har ana cin yaro tara don ya yi Hausa. Sakamakon shi ne yaro ya yi shekara uku yana haddace sautin da bai san ma'anarsa ba. A gida kuwa uwa na iya koya masa karatu da Hausar da yake tunani da ita, cikin 'yan watanni ya kama, daga nan ya ɗora Turanci a kan harsashi mai ƙarfi. A shekarun farko, watau daga biyar zuwa takwas ko tara, gida mai ilmi da haƙuri yana iya gogawa da makaranta, wani lokaci ma ya wuce ta.

Wahalar tana gaba. Uwar da ta iya lissafin aji uku ba lalle ta iya aljabara ba, uban da ya karanta shari'a ba zai koyar da kemistiri ba, kuma babu gidan da ke da ɗakin gwaje-gwaje. Gaskiya ne ƙofa ba a rufe take ba. Hukumomin WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda mutum zai yi rajista ya zauna ba sai ta hannun makaranta ba, a darussan kimiyya kuma akan ba su tambayoyin takarda a madadin gwajin hannu. In yaro ya sami kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, ya ci jarrabawar JAMB, zai iya neman jami'a kamar kowa. Sai dai ku ɗalibai kun fi ni sanin bambancin wanda ya taɓa riƙe kwalbar gwaji da wanda a hoto kawai ya gan ta, ranar da aka shiga ɗakin gwaji a shekarar farko. Yawancin iyaye idan suka iso nan sai su ɗauki malaman lesin, wannan na lissafi, wancan na kimiyya. Idan aka haɗa kuɗinsu, sau da yawa sai a ga an biya kuɗin makarantar da aka gudu, an kuma rasa abokan karatun.

Abokan nan kuwa ba abin rainawa ba ne. Na san amsar da akan bayar, cewa yaronmu ba ya rasa mutane, ga 'yan'uwa, ga Islamiyya, ga biki da suna. Haka ne, kuma a nan mun fi Turawa sa'a. Amma duk waɗannan mutane ne irinsa. A makarantar gwamnati ne ɗan sakatare ke zama benci ɗaya da ɗan mai gadi, a nan Bahaushe ke fara abota da Bayarabe da Ibo da Bajju, a nan yaro ke koyon bin layi, da shan kaye a gasa, da zama ƙarƙashin shugaban aji wanda bai fi shi komai ba. Da yawa cikinmu da ke wannan ɗaki, abokan da muke kira idan ta ɓaci a makaranta muka same su. Ƙasa irin tamu ba ta da wurare da yawa da ke haɗa 'ya'yanta.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, ina roƙon a gafarce ni in na taɓa wani. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, 'yan mata kuma su ne abin ya fi shafa. A wurin da hali yake haka, kalmar karatun gida tana iya zama mayafi. Mutum ya tura 'ya'yansa maza makaranta, ya ce mata a gida za a koya musu, bayan shekara biyu ka tarar yarinyar ta ƙware a raino da wanke-wanke, allon kuwa ya yi ƙura. Shehu Usmanu da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai na waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Wanda ya ce zai karantar a gida, ma'aunin farko da zan sa masa shi ne ko jadawalin 'yarsa daidai yake da na ɗansa, sa'a da sa'a, littafi da littafi.

Ku ma'aikata kuma ga taku ta musamman. Makarantar gwamnati ba ta lalace a dare ɗaya ba. Lokacin da 'ya'yan darakta da na alƙali ke cikinta, idan rufi ya yaye kafin sati an gyara, idan malami ya yi fashi an ji. Da muka kwashe namu muka kai na kuɗi, aka bar makarantar da iyayen da ba su san ƙofar ofishin ilmi ba. Yanzu idan masu ilmin da suka rage su ma suka koma gida suka rufe ƙofa, wa zai tashi ya yi magana a taron iyaye da malamai? Ba na cewa mutum ya sadaukar da ɗansa don gyaran ƙasa. Ina cewa ne a sa wannan a cikin lissafi, musamman ga wanda fayil ɗin gyaran makarantar ke kan teburinsa.

Ra'ayina, ga mafi yawan gidaje, shi ne a bar yaro a makaranta, a ɗauki sa'a guda bayan Magariba a zauna da shi kowace rana, uba da uwa su yi karɓa-karɓa. Yawancin abin da ake nema a karatun gida ana samunsa a wannan sa'a. Amma akwai halin da nake ganin cire yaro daidai ne: inda hanyar makaranta ta zama haɗari ga rai, ko an rufe makarantun yankin, ko yaro yana da larurar jiki ko ta koyo wadda makarantar da ke kusa ba ta da yadda za ta yi da ita, ko ana cutar da shi an kuma kai ƙara ba a ji ba. Wanda ya sami kansa a nan, ina ba shi shawara ya yanke wa abin wa'adi, shekara ɗaya a sāke dubawa. Ya sami manhajar hukuma ya bi ta aji aji, don ranar da yaron zai koma kada a mai da shi baya. Ya rubuta jadawali ya liƙa a bango, ya ajiye littattafan aikin yaron da kwanan wata. Ƙarshen kowane zango ya kai shi wurin wani malami wanda ba ɗan gidan ba, ya gwada shi, ya kuma roƙi malamin kada ya ji kunyarsa. In da hali ya haɗa kai da gida uku ko huɗu na maƙwabta, wannan uwa ta ɗauki lissafi, waccan ta ɗauki Turanci, yaran su sami abokan zama. Ya kuma je ofishin ilmi na ƙaramar hukumarsu ya sanar da su a rubuce, ya riƙe kwafi.

Sa'an nan a tambayi yaron. Ɗan shekara goma ya san ko yana kewar abokansa, ya kuma san ko yana tsoron hanya, in dai an tambaye shi ba a gaban baƙi ba.

Shugaba, na ga ka dubi agogo sau biyu. Zan dakata a nan in bar lokaci ga masu tambaya, ina kuma fatan a fara ba iyaye mata da ke bayan ɗakin nan dama.